Wa ya kayar da Detroit, koci ko hannun 'yan wasa?

Shekaranjiya muna cin tuwo a gidan wani Alhaji da muke unguwa ɗaya da shi a nan Michigan, sai wani ya taɓo wasan ƙwallon Amurka na ranar 28 ga Janairun 2024, wanda San Francisco ta ci Detroit. Wallahi musun ya dawo ɗanye kamar jiya aka tashi daga fili. Alhaji ya ajiye cokali ya ce shi har gobe bai yafe wa Dan Campbell, kocin Detroit, ba. Ɗansa kuma, wanda a nan aka haife shi, ya ce, "Baba, kai dai ba ka son lissafi ne." Ni da na so in yi shiru in ci tuwona, sai ga shi an juyo kaina: "Kawu, kai ka raba mu." Ban raba su a can ba, don bakina cike yake, shi ya sa na zo nan.

Na san yawancinku na gida ƙwallon ƙafa kuka sani, to bari in ɗan shimfiɗa yadda wannan ƙwallon na Amurka yake, don mu tafi tare. Ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo ana ba ta dama 4 ta matsa gaba da yadi 10. In ta cika, a sake ba ta wasu 4. In ta kai ƙwallon ƙarshen fili ta samu maki 6, sannan ga ƙarin 1 in an buga ya shiga. Rigimar duk tana dama ta huɗu. In ka iso ta ba ka cika yadin ba, kuma kana kusa, za ka iya kiran mai bugu ya saka ƙwallon tsakanin ƙarafa, ka karɓi maki 3 ka koma. Ko kuma ka ce a'a, sai na cika yadin nan. In ka cika, tafiya ta ci gaba. In ka kasa, abokan hamayya su karɓi ƙwallo a daidai wurin, kai kuma ka tashi hannu rabbana.

Detroit Lions ƙungiya ce da ta daɗe tana wahalar da masoyanta. Rabon ta da kofi tun 1957, ba ta taɓa leƙa Super Bowl, wasan ƙarshe na cin kofi, ba, kuma a 2008 ta buga wasa 16 ta sha kashi a duka 16. Da Campbell ya karɓe ta a 2021, wasa 3 kacal ya ci a shekararsa ta farko. A kakar 2023 sai ga su da nasara 12, suka shiga wasannin sili-ɗaya-ƙwale, suka fitar da Rams da ci 24 da 23, nasara irinta ta farko tun Janairun 1992, suka kuma fitar da Tampa Bay da ci 31 da 23. Saura wasa ɗaya su kai Super Bowl, a gidan San Francisco 49ers, can Santa Clara a Kalifoniya.

A falon Alhajin nan muka kalla. Ku a Najeriya lokacin sha biyu da rabi na dare ne. Kafin a tafi hutun rabin lokaci Detroit na da 24, San Francisco na da 7. Ina tuna Alhaji ya miƙe ya shiga kicin da kansa ya ɗora shayi, abin da ban taɓa ganin ya yi ba, yana cewa a duba masa kuɗin jirgin Las Vegas, inda za a yi Super Bowl. Shayin nan a kan tebur ya huce, ba wanda ya taɓa shi. San Francisco suka zuba maki 27 a jere ba tare da Detroit ta ce uffan ba, aka tashi 34 da 31.

To ga ƙarar da Alhaji ya shigar. Sau biyu bayan hutu Detroit ta iso dama ta huɗu a inda za a iya bugu, sau biyun Campbell ya ƙi. Na farko ana 24 da 10, saura yadi 2 a cika, ƙwallo na kan yadi 28 daga gidan San Francisco, wato ƙarshen filin da ake cin maki. Da an buga ya shiga, ratar ta koma maki 17. Na biyu ana binsu 27 da 24, saura kamar minti bakwai da rabi, saura yadi 3, ƙwallo na kan yadi 30. Da an buga ya shiga, an yi kunnen doki. Duka biyun suka kasa. Alhaji ya ce maki 6 ke nan aka zubar, kuma da maki 3 aka cinye su, to me kuma ake jira? A wurinsa shari'a ta ƙare.

Ni ban yarda ba, kuma ga dalilina.

Da farko, kalmar nan "da an buga" tana ɓoye abu. Bugun farko zai kai kusan yadi 46, na biyu kusan 48, a fili buɗaɗɗe, ƙungiyar da ta saba wasa a rufaffen filinta na Ford Field. Mai bugun nasu, Michael Badgley, a watan Disamba aka ɗora shi kan aikin bayan an sallami wanda ke yi. Irin wannan bugu ana ci, ana kuma ɓarar da shi. A wasan nan ma Jake Moody na San Francisco ya ɓarar da nasa tun farkon wasa. Amma mai musu kullum yana ƙirga bugun da ba a yi ba a matsayin wanda ya shiga, saboda bugun da ba a yi ba ba ya taɓa kaucewa.

Na biyu, ku koma ku kalli damar farkon nan da idonku. Jared Goff, mai jefa ƙwallo na Detroit, ya zame wa masu kawo masa hari, ya jefa wa Josh Reynolds, ƙwallon ya taɓa hannun Reynolds, ya faɗi ƙasa. Tsarin ya yi aiki, mutum ya buɗe, jifa ta isa. Abin da koci zai iya yi ke nan, ya kai ka inda ƙwallo zai same ka. Ba zai shigo fili ya manna maka shi a tafi ba. Da Reynolds ya riƙe, da Detroit ta ci gaba da cinye agogo tana kusantar maki 7, da yanzu Alhaji yana ba jikokinsa labarin jarumtar koci. Shawarar ita ce dai, ba ta canza ba. Yatsun mutum ɗaya ne suka raba tsakanin "gwarzo" da "mai taurin kai".

Abin da ya biyo baya kuwa, ko mai ƙin Campbell ya san ba aikinsa ba ne. Brock Purdy na San Francisco ya cilla wata doguwar jifa da ta wuce mutuminsa, ta nufi mai tsaron Detroit, Kindle Vildor. Maimakon ya cafke, ƙwallon ya bugi ƙarfen hular kwanonsa ya yi sama, Brandon Aiyuk na San Francisco ya yi nutso ya kama, yadi 51. Daga nan suka ci, 24 da 17. Detroit na karɓar ƙwallo, a taɓawar farko, ya suɓuce wa Jahmyr Gibbs, Arik Armstead na San Francisco ya kwanta a kai. Christian McCaffrey ya shigar, 24 da 24. Aka dawo, Reynolds ya sake sakin wata a dama ta uku, wannan karon ba mai matsa masa sosai. Ratar maki 14 ta narke cikin 'yan mintuna, kuma a cikin abubuwan nan ba ko ɗaya da za ka ce koci ne ya kitsa.

Alhaji yana da amsa, kuma ba ta banza ba ce. Ya ce ƙin bugun farkon nan shi ya tayar da San Francisco daga barci, filin ya ɗau ihu, yaran Detroit suka rikice, duk kurakuran nan 'ya'yan wannan shawara ce. Na ji. Duk wanda ya taɓa zama a filin wasa ya san akwai lokacin da iska take juyawa. Sai dai ban san yadda ƙin bugu yake sa ƙwallo ya dira kan hular mutum ya faɗa hannun abokin gaba ba. Kuma da an buga an ɓarar, ihun nan dai za a yi, a kuma ba su ƙwallon a wuri mafi kusa.

Akwai kuma abin da masu zagin Campbell suke mantawa da gangan. Da wannan halin ya kawo su wurin. Mako biyu kafin nan, a wasan Rams, dama ta huɗu ce, saura yadi 1, ya ƙi karɓar maki 3, Goff ya jefa wa Sam LaPorta suka ci 7. Da maki 1 aka tsira a wasan. Ranar ban ji Alhaji ya ce a kori kowa ba, rungume ni ya yi har hulata ta faɗi. Ba za ka sha romon kasadar mutum shekara uku ba, ranar da ta ƙi kuma ka ce dama can mahaukaci ne. Kuma a wasan San Francisco ɗin ma, daf da hutu, yana yadi 3 daga gidan San Francisco a dama ta huɗu, ya haƙura ya karɓi maki 3. Ashe yana auna abin.

Kada ku ɗauka na wanke shi tas. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Damar ta biyu, ana binsu da maki 3, da ni ne wataƙila bugu zan yi, kuma ban ga laifin wanda ya ce haka ba. Amma babban kuskuren Campbell na daren yana wani wuri dabam, inda mutane ba su cika tsayawa ba. Saura minti ɗaya da 'yan daƙiƙoƙi, ana binsu 34 da 24, suna yadi 1 daga gidan San Francisco, dama ta uku. A wasan nan kowace ƙungiya tana da damar tsayar da agogo sau 3 a kowane rabi, kuma Detroit tana riƙe da duka ukun. In ka jefa ƙwallo ba a kama ba, agogo yana tsayawa da kansa, kyauta. In ka ruga da shi aka tare ka, agogo yana ta tafiya. Suka miƙa wa David Montgomery ya ruga, aka danne shi, dole suka ƙone guda. Jameson Williams ya ci a dama ta gaba, saura daƙiƙa 56, amma da guda biyu a hannu ba za ka iya hana San Francisco cinye sauran lokacin ba. Sai suka koma ga gajeren bugun nan na neman sa'a, wanda ake yi don ƙwallo ya dawo hannunka, George Kittle na San Francisco ya danne, aka tashi. Wannan ba hannun ɗan wasa ba ne, ba hular kwano ba ce, ƙidaya ce da yaron firamare zai iya, kuma Campbell da bakinsa ya amsa cewa caca ya yi a nan ya faɗi. Game da damar huɗun nan biyu kuwa ya ce bai yi nadama ba.

To me ya sa musu ya fi zafi a kan waɗancan? Ina ganin saboda su ne suka bar wa ɗan kallo wurin shiga. Alhaji ya haura sittin, gwiwa na damunsa, ba zai iya cewa "da ni ne da na kama ƙwallon" ba, kowa zai yi dariya. Amma "da ni ne da na sa an buga", wannan kowa na iya faɗa daga kan kujera da kofin shayi a hannu. Laifin koci yana sa ka ji ka fi wani sani. Laifin ɗan wasa kuwa ba ya ba ka komai sai takaici, kuma in ka bi shi za ka ƙare kan cewa hannu yana kuskure, ƙwallo mai tsini yana tsalle inda ya ga dama, babu wanda za a kora gobe a huta. Haka muke yi a gida duk lokacin da Super Eagles suka faɗi: ɗan gaba ya zubar da ƙwallo uku shi da gola, washegari a majalisa zancen canjin da koci bai yi ba ake yi.

Ɗan Alhaji ma ban bar shi ba. Shi nasa musun duk a waya yake, yana nuna mana alƙaluman da ke cewa kasadar ta fi bugu da ɗan kaɗan. Na ce masa, ɗana, alƙaluman nan matsakaici ne na wasanni da yawa, ba su san hannun Reynolds yana rawa a daren ba. Abin da suka nuna shi ne zaɓin biyu sun yi kusa da juna ƙwarai, wato duk wanda ka ɗauka ba hauka ka yi ba. Shi yana so lissafi ya ce mahaifinsa bai san komai ba, mahaifin yana so sakamako ya ce koci bai san komai ba.

Wani abin dariya, mako biyu bayan nan Kyle Shanahan, kocin da ya cinye mu, ya je Super Bowl a Las Vegas ya faɗi a hannun Kansas City 25 da 22 a ƙarin lokaci. Me masoyansa suka kama? Don me ya zaɓi fara karɓar ƙwallo a ƙarin lokacin. Mutumin da aka gama yabo kan ya farfaɗo da ƙungiya daga ratar maki 17, shi ne ya koma bai iya aiki ba. Detroit kuma a kakar da ta biyo ta ci wasa 15 cikin 17, sannan Washington ta zo har gida ta fitar da ita 45 da 31 a Janairun 2025, Goff ya miƙa wa abokan hamayya jifa uku. A ranar Alhaji ya ce matsalar Goff ce. Na tuna masa shekaranjiya, ya ce ai wancan dabam, wannan dabam.

Kafin mu watse wani dattijo da bai ce komai ba tun farko ya jefo tasa. A Disambar 1957, shekarar kofin Detroit na ƙarshe, su biyun nan sun haɗu a San Francisco a irin wannan wasa na fitar da gwani. An tafi hutu ana 24 da 7, amma a lokacin San Francisco ce a sama. Detroit ta dawo ta cinye 31 da 27. Ya ce bashi ne aka biya bayan shekara 66. Alhaji ya dube shi ya ce, "Malam, ko bashi ne, da an buga ukun nan da ba a biya shi ranar ba." Hajiya ta leƙo daga ƙofa ta ce a miƙo mata kwanukan.