Bashinmu a watan Agusta ake haifarsa

Jama'a, a arewacin Kamaru, daga Garwa har Kuseri, watannin Agusta da Satumba ne ke jefa yawancin gidajenmu cikin bashi. Rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba, zazzaɓin cizon sauro ya sauka kan yara, ga kuɗin komawa makaranta a farkon Satumba. Wanda ya zubar da masararsa da arha a Nuwamba shi ne zai koma kasuwa ya saye ta da tsada, da kuɗin aro kuma. A ganina, duk shirin fita daga bashi da bai tanadi waɗannan watanni biyu ba zai rushe kafin shekara ta zagayo.

A fara da littafi da biro. Aya ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo, a kan rubuta bashi ta sauka, amma mu mun mai da rubutun abin kunya tsakanin 'yan uwa. Rubuta sunan mai binka, nawa ne, ranar biya, da abin da za ka rasa idan ka saɓa. Sannan ka auna kowane bashi da ma'auni ɗaya: sefa nawa yake ci maka a wata a kan kowace 10,000.

Nan ne ido ke buɗewa. A ce ka ɗauki 50,000 a asusun ƙungiya da ƙarin kashi 10 cikin 100 kowane wata. Duk wata 5,000 ta tafi, a shekara 60,000, uwar kuɗin tana nan daram. Ba-da-kaka ma haka: ka karɓi buhu ɗaya a Yuli ka mayar da buhu da rabi a Nuwamba, rabin abin ke nan cikin wata huɗu, sama da 1,200 a wata kan kowace 10,000. Mutane suna jin tsoron banki saboda takardu, alhali waɗannan na cikin unguwa ne suka fi tsada. Hukuncin riba kuwa malamai sun gama bayaninsa, lissafi kawai nake ƙara muku. Idan na ƙaramin banki ne, kada ka tsaya a kan kason da aka faɗa maka da baki. Ka ce a rubuta maka jimillar abin da za ka biya har ƙarshe, da kuɗin takarda, da inshora, da ajiyar dole da suke riƙewa.

Bashin da ya fi ci a wata shi za a tara wa ƙarfi, sauran a riƙa ba su abin da zai hana rigima. Wanda ka ga ba za ka iya cika masa alkawari ba, je ka same shi kafin ranar, da shaida, ku yanke abin da za ka iya bayarwa duk ranar kasuwa. Mai bin bashi ya fi haƙuri da wanda ya zo da ƙafarsa a kan wanda ya kashe waya. Kuma idan kana da tumaki biyu ko tsohon mashin a ajiye, sayar ka kashe mai tsadar. Kiwon da zai kawo ribar 20,000 bayan wata huɗu bai amfana maka komai ba idan bashi ya ci 20,000 a wannan lokacin.

Manoman auduga, taki da maganin feshi da ake ba ku bashi ta kamfanin auduga na SODECOTON da ƙungiyar manoma ta CNPC-C a kuɗin audugarku ake cirewa, kuma 'yan rukuni suna lamunin juna. Mai sayar da buhun takin a Yuni don ya sami kuɗin hannu ya yi asara sau uku: ya sayar ƙasa da farashi, gonarsa ta ba da kaɗan, maƙwabtansa sun biya masa suna zaginsa.

Adashi kayan aiki ne mai kyau idan an san amfaninsa. Ɗaukar farko rance ne marar ruwa, don haka mai bashi mai tsada ya roƙi uwar adashi ta sa shi a gaba, kuɗin su wuce kai tsaye hannun mai binsa a ranar. Wanda ba a binsa ya nemi zagayen da zai faɗo a Agusta. Abin da ke kashe mutane shi ne shiga adashi uku ana zuba wannan da kuɗin wancan.

Mai shago da mai mashin ɗin haya, ku raba jari da kuɗin cefane. Yanka wa kanka albashin yini, abin da ya rage na sana'a ne. Litar fetur a gidan mai ta tashi daga 630 zuwa 730 a Fabrairun 2023, ta kai 840 a Fabrairun 2024. Wanda bai sake lissafinsa ba tun lokacin, jarinsa yake ci yana cewa riba. A Orange Money da MTN MoMo kuma kowane cirewa da kuɗinsa, ga harajin kashi 0.2 cikin 100 da aka sa tun Janairun 2022, saboda haka a rage yawan cire-cire.

Bayan bashi ya mutu, kuɗin da kake biyansa da su kada su koma tukunya. Ajiyar farko ita ce abincin Agusta da Satumba, daga abin da ka noma ko ka saya da kaka. Wake da masara a buhu mai ninki uku, wanda ake kira PICS, dabarar da aka fara gwadawa a Marwa. Hatsin ya bushe sosai, a matse iskar, a ɗaure kowane ninki daban, a ɗora kan katako nesa da bango. Huji ɗaya na ɓera ya ɓata aikin, domin rashin iska ne ke kashe ƙwarin. Kada dai a ci bashi don a tara hatsi, akwai shekarun da farashi ba ya tashi.

Dabba dukiya ce, amma mai numfashi. Allurar annobar awaki da tumaki a cibiyar haɗa rigakafin dabbobi ta LANAVET da ke Bokle kusa da Garwa ake yin ta, ba ta kai kuɗin akuya ɗaya ba ko ga garke guda, duk da haka ana barin garke ba rigakafi. Kuma a Adamawa da Mayo-Rey mun ga yadda garke mai yawa ke jawo masu garkuwa da mutane. Kada dukiyar mutum duka ta zama abin da ake iya ƙirgawa daga bakin hanya.

Mai sana'ar kansa yana iya shiga asusun fansho na ƙasa, CNPS, da kansa tun 2014. Ana zuba kashi 8.4 cikin 100 na abin da ka bayyana, wato 5,040 a wata kan 60,000, kuma fansho yana buƙatar zubin wata 180 da shekara 60 a duniya. Kaɗan ne daga cikinmu suka san da wannan. Kafin ka ajiye kuɗi a ƙaramin banki, duba sunansa a jerin waɗanda Ma'aikatar Kuɗi ke fitarwa masu izini. Duk mai cewa zai ninka maka kuɗi a wata ɗaya, tuna ƙungiyar MIDA mai irin wannan alkawari da aka rufe a Yawunde a 2018, dubban mutane na bin kuɗinsu. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Fili kuma, takardar lawan ko jauro tana da amfaninta wajen shaida, amma a dokar 1974 takardar mallaka ta gwamnati, wadda muke kira titir, ita ce hujja. Filin da ke da titir a gaban notar, jami'in shari'a mai tabbatar da takardun ciniki, ake sayensa, bayan an je ofishin filaye an tabbatar ba a jinginar da shi ba, kuma sunan mai sayarwa ne a kai. Idan na gado ne, kada ka biya ko sisi sai dukkan magada sun sa hannu.