Ƴan dakonmu ma suna buƙatar wannan na'ura

Wani labari ya ce Amurka, Turai da Asiya ne ke kan gaba wajen ƙera na'urar da ake ɗaurawa a jiki tana tallafa wa ƙafa da baya. Haka ne. Japan mai yawan tsofaffi tana da irin wannan na'ura mai suna HAL ta kamfanin Cyberdyne, Amurka kuma ta amince da wata mai suna ReWalk tun 2014 don masu ciwon laka.

To mu fa? Nan Tahoua kullum ƴan dako na sungumar buhunan albasar Galmi har bayansu ya lalace. Ƙanen babana haka ya ƙare, yanzu ko ruku'u da ƙyar yake yi, abin na ci mini rai. Akwai irin na'urar da ba ta son batir, sifirin ne kawai ke rage nauyi. Ita nake roƙon ɗalibanmu na jami'a su gwada ƙerawa da maƙeran gari.