Limoges da ƙofar da aka rufe bayan ta wuce

Ka tambayi mai kallon ƙwallon ƙafa wace ƙungiyar Faransa ce ta fara cin babban kofin Turai, zai ce maka Marseille, ya kawo maka ƙwallon da Basile Boli ya ci AC Milan da ka a Munich ranar 26 ga Mayu, 1993. A ƙwallon ƙafa gaskiyarsa ne. Amma in aka haɗa wasannin da ake bugawa ƙungiya da ƙungiya, an riga Marseille da kusan mako shida. Ranar 15 ga Afrilu na wannan shekarar, a Athens ta ƙasar Girka, ƙungiyar ƙwallon kwando ta Limoges ta doke Benetton Treviso ta Italiya da maki 59 da 55, ta zama zakaran Turai. Har zuwa 2025 babu wata ƙungiya daga gasar Faransa da ta sake ɗaga wannan kofi. Monaco ce ta kusa, ta kai wasan ƙarshe a shekarar, Fenerbahçe ta tare ta.

A ganina wannan kaɗai ya isa a ce Limoges ce babbar ƙungiyar ƙwallon kwando a tarihin Faransa, duk da ASVEL ta yankin Lyon ta ci kofin ƙasa sau 21, ita kuwa sau 11. Abin da ya fi damu na shi ne yadda aka tsara gasar Turai a yau, ta yadda wata Limoges ba za ta sake fitowa ba ko da ta cancanta.

Limoges gari ne a tsakiyar Faransa mai mutum kimanin dubu 130, wanda aka fi sani da sana'ar tangaran. Ƙungiyar, Cercle Saint-Pierre, ko CSP a taƙaice, ta faro ne a 1929 a matsayin ƙungiyar matasan wata majami'a, kuma ba ta hau rukunin farko ba sai 1978. Daga nan abin ya zo da sauri. A 1981 aka buɗe zauren Beaublanc mai ɗaukar mutum dubu biyar da 'yan kai. A 1982 da 1983 ta ci kofin Korać, wato ƙaramin kofin Turai, sau biyu a jere, duka a kan Šibenka ta Yugoslabiya, wadda ke da wani yaro mai suna Dražen Petrović. Ba'amurke Ed Murphy ne ke zuba maki a lokacin, Apollo Faye, haifaffen Senegal, yana tsare ƙarƙashin kwando, Richard Dacoury kuma yana tasowa. Kofin ƙasa ya zo sau uku a jere daga 1983 zuwa 1985, ya sake zuwa sau uku daga 1988 zuwa 1990.

Abin lura shi ne tsanin da ta taka. Ta ci ƙaramin kofin Turai, ta ci na tsakiya a 1988 da ta doke Joventut ta Sifaniya a Grenoble, sannan ta kai cikin huɗun ƙarshe na babban kofin a 1990. Kowane mataki a fili ta same shi. Ba wanda ya tambaye ta girman garinta ko yawan masu sayen rigarta.

Sai 1993. Kocin shi ne Božidar Maljković, ɗan Sabiya, wanda ya riga ya ci wannan kofi sau biyu da ƙungiyar Split ta Yugoslabiya a 1989 da 1990. Ya duba 'yan wasansa ya ga ba su kai na Real Madrid ko Treviso gwaninta ba, sai ya yanke shawarar cewa in ba za su iya cin maki da yawa ba, to abokin karawa ma ba zai ci ba. A wancan lokacin doka ta ba kowace ƙungiya daƙiƙa 30 kafin ta jefa ƙwallo, saɓanin 24 na yanzu. Limoges takan riƙe ƙwallon har lokacin ya kusa cika, ta miƙa wa Michael Young ya jefa, sannan kowa ya koma baya ya manne wa mutuminsa. A wasan kusa da na ƙarshe Real Madrid, da Arvydas Sabonis a cikinta, maki 52 kawai ta iya ci.

Wasan ƙarshen ya haɗa Maljković da tsohon yaronsa na Split, Toni Kukoč, wanda a lokacin ake ganin babu kamarsa a Turai, kuma yana shirin tafiya Chicago Bulls. Treviso ce a gaba da aka tafi hutun rabin lokaci. Limoges ta dinga rage tazarar a hankali, Jim Bilba yana tsinto ƙwallaye a ƙarƙashin kwando, har ta wuce. A minti na ƙarshe, tazarar ba ta taka kara ta karya ba, ƙwallo na hannun Kukoč, kowa a zauren ya san shi zai jefa. Yana ɗaga hannu sai Frédéric Forte, wanda ba shi ne ma babban mai raba ƙwallon ƙungiyar ba, ya sa hannu ya zare ta. Shi ke nan. Kukoč aka ba kyautar gwarzon gasar, kofin kuwa ya bi Dacoury, kyaftin ɗin Limoges, gida.

An soki salon sosai, wasu suka ce kashe wasan ne. Ban yarda ba. Maki 59 da 55 ba abin nishaɗi ba ne ga wanda ya zo kallon tsalle da cusa ƙwallo, amma ba a taɓa rubuta cewa dole mai ƙaramin ƙarfi ya yi wasa irin na mai kuɗi don ya sha kashi cikin ladabi ba.

Sai dai duk mai son kare Limoges dole ya faɗi ɗaya gefen. Ƙungiyar ta daɗe tana kashe abin da ba ta da shi. A kakar 1999 zuwa 2000 asirin ya tonu, bashi ya yi mata katutu, har 'yan wasa, da kyaftin Yann Bonato a gaba, suka yarda a rage musu albashi don a ƙarasa kakar. Abin mamaki, a wannan kakar ce, ƙarƙashin koci Duško Ivanović, suka haɗa kofi uku: na ƙasa da suka doke ASVEL, Kofin Faransa, da Korać a kan Málaga. Ba a gama murna ba aka saukar da zakaran ƙasa zuwa rukuni na biyu saboda matsalar kuɗi. A 2004 ƙungiyar ta durƙushe gaba ɗaya, ta koma rukuni na uku.

Wannan hukunci daidai ne, ko da ya yi zafi. Ƙungiyar da ke sayen 'yan wasa da kuɗin da ba za ta iya biya ba, cutar waɗanda suka tsaya iya ƙarfinsu take yi. Kuma hukuncin bai kashe ta ba, domin a gasar Faransa wanda ya faɗi yana da hanyar dawowa. Forte ɗin nan da ya zare ƙwallo a hannun Kukoč shi ya karɓi shugabancin ƙungiyar a 2004, tana buga wasa da ƙananan garuruwa, mutanen Limoges kuma ba su daina zuwa Beaublanc ba. Ta hau rukunin farko a 2010, ta sake faɗuwa, ta dawo a 2012, sannan ta ci kofin ƙasa a 2014 da 2015, duka a kan Strasbourg. Forte ya rasu a ranar ƙarshe ta 2017 yana da shekara 47.

To a nan ne bambancin yake. A gida an hukunta ta, an bar mata tsani. A Turai tsanin aka ɗauke. Tun da manyan ƙungiyoyi suka ƙwace ragamar gasar daga hannun FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, a 2000, babbar gasar, wato EuroLeague, ta dinga komawa ta masu lasisin dogon zango, waɗanda kujerarsu tana nan ko sun ci ko sun faɗi. Limoges ta buga gasar a matsayin zakaran Faransa bayan 2014 da 2015, ba ta wuce zagayen farko ba. Daga 2016 aka mayar da gasar ta ƙungiyoyi 16, kuma kaka uku a jere babu ƙungiyar Faransa ko ɗaya a ciki. Chalon ta ci kofin ƙasa a 2017, Le Mans ta ci a 2018, ba wadda aka buɗe wa ƙofa. ASVEL, wadda Tony Parker, tsohon tauraron gasar NBA ta Amurka, ya karɓi jagorancinta a 2014, ta shiga a 2019 da takardar gayyata, daga baya ta samu lasisi. Paris Basketball, da aka kafa a 2018, aƙalla ita da cin EuroCup, gasar da ke ƙasa da EuroLeague, a 2024 ta shiga, amma kowa ya san masu gasar sun daɗe suna kwaɗayin kasuwar Paris.

Masu kare tsarin suna da hujja, kuma Limoges ce ma hujjar tasu. Suna cewa mai zuba jari ba zai gina zaure ko ya sa hannu a kwangilar talabijin ba in bai da tabbacin ƙungiyarsa za ta buga baɗi, kuma ga abin da rashin tabbas ya jawo a 2000 da 2004. Amma maganin almubazzaranci shi ne duba littafin kuɗi da tsanani, irin wanda Faransa ta yi wa Limoges ɗin. Ba ya buƙatar a hana zakaran ƙasa kujera. Ana iya barin masu lasisi da kujerunsu, a ware wasu tabbatattu ga waɗanda suka ci manyan gasannin ƙasashe, da sharaɗin asusunsu ya zama tsaf.

A watan Maris na 2025 NBA da FIBA suka sanar suna nazarin kafa sabuwar gasa a Turai, inda aka yi maganar ƙungiyoyi 16, goma sha biyu na dindindin, huɗu kuma a neme su a fili. Garuruwan Faransa da ake ambata a kujerun dindindin su ne Paris da Lyon. Limoges, da Chalon, da Le Mans, da tsohuwar abokiyar hamayyarta Pau, sai dai su yi rububin huɗun nan tare da sauran ƙungiyoyin nahiyar baki ɗaya.