Matakalar katako da gaggawar masu gida a Kano

A nan Amurka inda nake zaune, gidaje da yawa daɓensu na katakon wata bishiya ne mai suna oak, matakalar bene ma haka. In ta tsufa sai mai gida ya sayo sabon falanki wanda ba a shafa wa komai ba. Wahalar ba ta kafawa ba ce, ta daidaita launi ce, domin daɓen ya shekara goma ko ashirin yana shan hasken rana, ya yi duhu, sabon kuwa fari sol.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba wanda ke taɓa matakalar sai ya gwada. Ana yanko guntun falankin, a goge shi da samfefa daga mai kaushi zuwa mai laushi, wato mai lamba 80, sannan 120, a kai 180, a shafa rini kala uku ko huɗu jere da juna, a ɗora man sheƙi, a bari ya bushe, sannan a ajiye shi kan tsohon daɓen a duba da rana, a sake dubawa da fitila. Man sheƙin da ake kira foliyuretan, in mai haɗin mai ne yana komawa ruwan zuma da daɗewa, mai haɗin ruwa kuwa kusan yadda aka shafa shi yake zama. Shafi uku ake yi, da guga mai laushi a tsakani, kuma ana tsallake taki ɗaya bayan ɗaya don mutanen gida su samu wurin hawa.

A Kano da siminti, tarazo da tayil muka saba, amma yanzu masu sababbin benaye sun fara ɗora katako a matakala. Kayan kuwa muna da su: je ka 'Yan Katako a Na'ibawa ka ga maɗaci da iroko, waɗanda in an goge su da kyau jijiyoyinsu kaɗai ado ne. Sai a feshe su da jan fenti mai kauri a yini guda, su koma kamar roba.

Ban ɗora wa kafintocinmu laifin duka ba, hannunsu yana da kyau. Mai gida ne ke tsaye a kansu: "Malam, ranar Juma'a za a kawo amarya!" Ina za a samu kwanakin bushewa? Ga shi katakon daga kudu yake zuwa da sauran danshi, hunturu na shigowa ya tsotse shi, ya tsage ko ya kantare, ƙura kuma ta manne a man da bai bushe ba.

Alhaji, in za ka kashe wannan kuɗin, sayi katakon da wuri ya yi makonni a cikin gidan, ka biya kafinta kuɗin kwanakin jira, ka ce ya kawo maka guntun gwaji ka gani da idonka kafin ya buɗe gwangwani a kan matakalar.