Ba rashin ɗakin gwaje-gwaje ya hana yaranmu sanin lita ba

Makon jiya na je gida, wani ƙauye a gefen Kura, na tarar da ɗan ƙanena da ya shiga aji ɗaya na babbar sakandare yana hadda a gindin darbejiya. Kilo, hekto, deka, desi, santi, mili. Rerawa yake yi kamar karatun allo. Babin awo ne na darasin kemistiri. Akwai ledar fiya wata a hannuna, an rubuta 50cl a jikinta, sai na miƙa masa na ce ya gaya mini mililita nawa ce a ciki. Ya juya ledar, ya sake juyawa, ya ce, "Baffa, ba a kai mu nan ba tukuna." Alhali an kai su. Santin da ya gama rerawa shi ne a jikin ledar, amsar kuma 500 ce.

Da na yi wa wani malaminsu ƙorafi, amsar da na sani tun kafin ya buɗe baki ita ya ba ni: ba su da ɗakin gwaje-gwaje. Wannan amsa ta ishe ni. Gaskiya ne makarantun karkara da yawa ba su da kayan aiki, kuma nauyin yana wuyan gwamnati. Amma me ya haɗa babin awo da ginin miliyoyi? Sirinji mai mililita 10 yana nan a kowane kemis. Gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi tana yashe a bakin kowace tasha. Sikeli yana wurin masu sayen shinkafa. Malamin da ya ɗora litar ruwa a sikeli yara suka ga ta tashi kilo ɗaya, ya koyar da abin da jadawalin nan ba zai koyar ba ko an shekara ana rera shi. Rashin ɗakin ya zama bargon da ake lulluɓe lalaci da shi.

Illar ba ta bayyana sai a aji uku. A jarrabawar aiki ta WAEC da NECO za a ba yaro bututun awo mai ɗaukar 25cm³, a ce ya fitar da ƙarfin sinadari a mol/dm³, wato yawan sinadarin da ke cikin kowace dm³. Wanda bai taɓa sanin cewa dm³ ɗin nan lita ce kawai, cm³ kuma mililita ce, zai haddace "a raba da 1000" ba tare da ya san dalili ba. Ranar da ya ruɗe ya ninka maimakon ya raba, amsarsa za ta kauce ninki miliyan, kuma ko a jikinsa, don ba shi da hoton komai a kansa da zai ce masa wannan ba ta yiwuwa. Sai a ce yaran ƙauye ba su da kan kimiyya.

Wanda ma bai kai aji uku ba, gona na jiransa. Uban yaron nan manomin rani ne. Na tsaya a kansa yana haɗa maganin ciyawa a injin feshi mai lita 16, yana awo da gwangwanin madara, ga bayanin mililita ɓaro-ɓaro a jikin kwalbar. Na ce gwangwanin nawa yake ci, ya ce, "Yaya, haka kowa ke yi." In maganin ya yi yawa ya ƙone shuka, in ya yi kaɗan ciyawa ta yi masa dariya, kuɗin dai sun tafi. Haka buhun yuriya mai kilo 50 da aka rubuta wa 46%: naitirojin ɗin ciki kilo 23 ne, lissafin da ya kamata ɗan aji ɗaya ya yi wa ubansa a tsaye.

Akwai masu cewa a koyar da mudu da tiya tunda su yaro ya sani; su fara gaya mana mudun wace kasuwa, na Dawanau ko wanda aka bubbuge wa gindi. Mutanenmu ai ba baƙin daidaitaccen ma'auni ba ne. Duk ƙaramar salla ana neman mudun Annabi a auna huɗu don zakkar fid da kai, kuma kowa ya san gargaɗin Alƙur'ani kan tauye mudu. Irin wannan rikici na kowane gari da ma'auninsa ne ya sa Faransa ta ƙirƙiro mita a shekarun 1790, duniya ta tsara tsarin awo na bai ɗaya da ake kira SI a 1960 da ma'aunai na tushe da yanzu suka kai bakwai, har a 2019 aka daina dogaro da dunƙulen ƙarfen da ke ajiye kusa da Paris wajen fayyace kilo. Najeriya ta koma wannan tsari tun shekarun 1970, zamanin da naira da kobo suka kori fam da sule. Shekara hamsin ke nan, muna sayen fetur da lita, muna fitar da ɗaliban kimiyya da ba su san cikinta ba.

Masu duba makarantu na ma'aikatar ilimi su daina ƙirga shafukan da aka kwafa. Su shiga aji da gora da sirinji su tambayi yara, wanda ajinsa ya kasa a tambayi malamin.

Kafin in taho na saya wa yaron sirinji, na ce ya kwashe ruwan ledar da shi yana ƙirgawa. Da la'asar ya same ni, gaban rigarsa a jiƙe, ya ce sau 49 ya samu da ɗan guntu, ina ragowar ta shiga?