Ɗan allon da ke ba albasa ruwa

Jiya da la'asar na leƙa garkar ƙanena a bayan garin Tawa, na iske ɗansa mai shekara 15 tsugune gaban wani ɗan allo shuɗi wanda bai cika tafin hannu ba. Arduino Uno ne, wata ƴar ƙaramar kwamfuta da ake rubuta wa umarni ta sarrafa na'urori. Ya soke wani ƙarfe mai baki biyu cikin fangalin albasa, shi ke jin damshin ƙasa, allon kuma ya maida abin da ya jiyo lamba, daga 0 zuwa 1023. Da lambar ta nuna ƙasa ta bushe sai ka ji ƙyas! Rele, wato makunnin da allon ke tayarwa, ya kama, ɗan famfo ya tashi da wutar batir. Ƙasa ta sha ta ƙoshi, famfo ya tsaya da kansa.

Ya ce, "Baffa, allon farko ƙone shi na yi." Wai famfon ya jona kai tsaye, alhali ƙafar allon volt 5 take bayarwa, da ƴar wutar da ba ta wuce kunna ƙaramin ƙwai ba. Wannan ƙaurin da ya shaƙa ya koya masa amfanin rele fiye da darasin wata guda.

To ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. A lakwal ɗinsu, darasin kwamfuta bai wuce buga wasiƙa da sauya launin rubutu ba, shi ma in akwai kuran. Alhali allon Arduino, da aka fara ƙirƙirowa a Ivrea ta Italiya a 2005, domin ɗalibai ƴan koyo aka yi shi, kuma kwafinsa bai kai kuɗin ƙaramar salula ba. Kada a ce mini abin na Turawa ne. Abdou Maman Kané ɗan ƙasar nan ne, shi ya haɗa ban-ruwan da manomi ke tayarwa da kiran waya, har ya ci kyautar ruwa ta Sarki Hassan II a 2015.

Ban ce abin ba shi da cikas ba. Rana da ƙura suna cin kaya, ƙarfen nan mai baki biyu kuwa tsatsa ke cinye shi, nasa har ya fara kore. Akwai wani iri mai rufaffen jiki da ya fi daɗewa cikin laka. Mutanen Yamai, wanda ya san shagon da ake sayar da shi ya faɗa mini, in aika direba ya taho mana da biyu.