Yaron Shagon da Ba Ya Karɓar Albashi

Bakano: Ɗan boko, zo ka ga ikon Allah. Manhajar karɓar odar shagona ta mutu a saba, kwamfutar nan da take zaune a ciki.

Bazazzagi: Alhaji, me aka taɓa?

Bakano: Ɗanliti na sa ya kwana yana gadin laftof. Ya yi gyangyaɗi, goshinsa ya danne murfin.

Bazazzagi: Ai ta SSH ka kunna ta, wato layin da ke haɗa laftof ɗinka da saba. Layin na yankewa, sai a aika wa manhajar SIGHUP, wato saƙon cewa layi ya katse, ta mutu. Sallami Ɗanliti, mu damƙa ta a hannun systemd.

Bakano: Ɗan wane gida ne?

Bazazzagi: Yaron shago ne da ke zaune cikin Linux, tsarin da ke tafiyar da sabarka. Takardar aiki za mu rubuta masa, oda.service, a ajiye a /etc/systemd/system. A layin ExecStart a faɗa masa inda manhajar take. A layin User kuma, inda ake faɗin da sunan wa za ta yi aiki, kar ka sa root, mai iko da komai a saba.

Bakano: Don me? Ni ne mai shago.

Bazazzagi: Kana ba sabon yaro mukullin sito ranar farko?

Bakano: Ko ɗan cikina sai ya shekara. Albashinsa nawa?

Bazazzagi: Ko sisi.

Bakano: Allahu akbar! Kawo min goma.

Bazazzagi: Ɗaya ya isa. In an sa Restart=always, duk sanda ta faɗi zai tashe ta. Amma in ya tashe ta sau 5 cikin daƙiƙa 10 tana faɗuwa, sai ya naɗe hannu.

Bakano: Yajin aiki! Na rantse a Zariya ya yi karatu.

Bazazzagi: Bajamushe ne ya ƙirƙiro shi, Lennart Poettering, a 2010. Buga systemctl daemon-reload don ya karanta takardar, sai start, sai enable.

(Washegari da sassafe.)

Bakano: Yaronka ya gudu! An ɗauke wuta, aka tayar da janareto, saba ta dawo, shi shiru.

Bazazzagi: Ka buga enable?

Bakano: Start na buga. Na ga abu ya tashi, na ce me zai sa in ƙona data.

Bazazzagi: Start na yau ne kawai. Enable ke sa ya tashi duk sanda aka kunna saba. Ga shi na gyara. In ta ƙara faɗuwa, journalctl -u oda zai nuna maka dalili. Sai kuɗin aikina, Alhaji.

Bakano: Kuɗi? Da bakinka ka ce ko sisi. Ɗanliti, ba ka ji shi ba?